Inda Littafin Gambo Ya Karye

Ni na fara gani. Kafin likitan bariki, kafin Fadan cocinsu, kafin uwar da ta haife shi, ni Ilu Badukku na Ƙofar Wambai na gane cewa yaron nan Markus gangar jikinsa kawai ta dawo daga yaƙi. Ban taɓa zama a aji ba, baƙin boko ko ɗaya ban sani ba. Amma mutumin da agana ta kwashe sa'o'insa ta bar shi da zanzana, kwalara ta kwantar da shi ya tashi, harsashin rikicin 'Yan Awaki ya huda masa hannun riga bai taɓa fata ba, ai ba a koya masa kallon ɗan Adam.

Uban yaron, Gambo, abokina ne. Mai gyaran keken ɗinki ne, Bamagujen wajen Rano wanda iyayensa suka shiga Katolika. A unguwar Birged yake kwana, amma a cikin gari yake yini, domin kekunan masu takalma ba sa rabuwa da ciwo. In rana ta yi zafi, rumfata ce inuwarsa. Ina kiransa Bamagujen Fada, yana kirana Mai Warin Jima. In na tashi salla shi ke tsare mini kaya.

Tun zamanin soja ya taɓa zuwa da wani littafi mai kauri kamar bulo, a cikin leda. Ya ce katikizim ne, an tattara koyarwar addininsu da hukunce-hukuncensa kaf a ciki, da Turanci, yana so in yi masa gafaka. Na yi masa wadda ko malaman Mandawari ba su taɓa samun irinta ba. Da aka daɗe na ce ya kawo in shafa mata mai, na zaro littafin, sai na ji har yanzu ƙamshin kanti yake, takardun ma a manne. Na tambaye shi ko tsoronsa yake ji. Littattafan da malamai ke kawo mini, gefensu baƙi ƙirin saboda yatsa. Ya yi dariya ya ce ran Lahadi Fada yana gaya musu abin da suke bukata, ga carbinsa a aljihu, yawancin 'yan cocinsu ko bangon littafin ba su taɓa gani ba.

"Safayar mota ce, Ilu," in ji shi. "Wa ke duba safaya taya ba ta fashe ba?"

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki aka dawo da su Markus daga Saliyo. Gari ya cika da hotunan 'yan siyasa, kowa na cewa wahala ta ƙare. Yaron ya zo gaishe ni. Ni na yanka masa takalminsa na fari yana tatata, na san tafiyarsa. Ya ƙi zama sai inda bayansa ke jingine da bango. Maƙwabcina ya buga guduma a kan ƙafar ƙarfe ta gyaran takalmi, na ga kafaɗarsa ta zabura, fuskarsa kuwa murmushi take yi. Sannan ya buɗe jaka ya ajiye mini takalmansa na soja, a goge suna ƙyalli, ya ce in yanka in yi faci da su.

Na tare Gambo a ranar. Na ce masa matashi ba ya kyautar da takalmi mai lafiya sai in ya gama tafiya. Ya ce gajiya ce, in ya ci tuwon uwarsa zai ware. Na ce kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki. Ya ce to. Kuma bai yi sakaci ba, na shaide shi. Amma wa zai iya tsaron ƙato dare da rana? Kafin damina ta janye, Markus ya kashe kansa.

Fada ya yi masa addu'a, aka binne shi kamar kowa. Bakin mutane ne bai bari ba. Uwarsa 'Yardada ta ji abin da ake raɗawa a bayanta, ta yanke cewa ɗanta ɗan wuta ne, ta daina ambatar sunansa, ta juya hotonsa. Gambo kuwa ya ɗauki gafakar nan ya tafi wurin Fada, ya ce a gaya masa gaskiya ko ɗaci gare ta. Fada ya buɗe masa wani wuri can wajen ƙarshe-ƙarshe, ya ɗora yatsansa a kai. Yadda Gambo ya fassara mini, ba a rufe wa irin su Markus ƙofa ba, hukuncin yana wurin Allah, kuma ba a hana uba yi wa ɗansa addu'a ba.

Daga nan safaya ta hau mota. Da safe Gambo ya buɗe littafin, a rumfata ya buɗe, yana tsakiyar kwance keke sai ya goge hannu a riga ya buɗe. Wuri ɗaya tak. Sau ɗaya ya tambaye ni mu me muke cewa a kan wannan. Na ce ni ba malami ba ne, na sunkuyar da kai kan basillata ta ɗinkin fata. Bai sake tambaya ba.

Sai yanar ido ta rufe masa gani. Ya daina gyaran keke, amma bai daina zuwa ba, da sandarsa. Zuwa lokacin gadon bayan littafin ya karye daidai wurin, in ya ajiye shi a cinya da kansa yake wangalewa. Ya haddace kalmomin tuntuni, amma ya ce in bai ji takardar a tafin hannunsa ba, zuciyarsa sai ta riƙa ce masa shi ya ƙirƙira.

Da takardu suka fara zubewa ya miƙo mini.

"Ka gyara ko'ina, Mai Warin Jima, ban da nan. In ka haɗe karayar nan ka raba ni da ɗana."

Duk Kano ba wanda zai iya aikin nan sai ni. Da wani ne, gam zai zuba ya danne da dutse. Ni kuwa rabi biyu na ɗinke, kowanne daban, na haɗa su da jar fatar akuya mai laushi kamar kunne, yadda zai riƙe amma ba zai manta ba. Ina cikin ɗinkin bangon aka aiko cewa Gambo ya kwanta, ƙirji ne. Fada ya kai masa sabon littafi irin nasa sak, Gambo ya shafa, ya ture, ya ce wannan bai san shi ba.

Na ƙarasa, na hau bas da rana tsaka. Duk daɗewarmu ban taɓa shiga gidansa ba sai ran nan. Ya rame har na ga ƙasusuwan yatsunsa. Na ɗora masa littafin a ciki na janye hannuna. Littafin ya buɗe da kansa. Gambo ya lalubo, ya shimfiɗa tafinsa.

"Nan ne?"

"Nan ne. Ga man kekenka a gefe."

Ya bar tafinsa a wurin. 'Yardada tana bakin ƙofa, ta ga inda hannun yake, ta juya ta fita. Ya ji fitarta. Sai ya ce in ya tafi babu mai buɗe wurin nan a gidan, za a kulle shi a akwati, fata ta bushe, karayar ta haɗe. Ya ce in ɗauka. Na ce ya san ni Musulmi ne, kuma ko juye mini shi aka yi ba zan gane ba.

"Ban ce ka karanta ba, Ilu. Ka riƙa buɗewa kawai."

Bai ga watan gaba ba.

Amana ce, na riƙe. Addinina yana nan inda yake. Amma kullum in na ɗaga ƙyauren rumfa, na share, sai in zaro shi daga gafaka in ajiye a kan kirgi, ya buɗe, in bar shi ya sha iska. Takalman yaron suna ƙarƙashin benci, ban yanka ba. In yamma ta yi, wani lokaci sai in ji na matsa gefe in ba mutum wuri, in duba, ba kowa.

Saboda haka nake cewa, daga Sabon Gari har Birged, a cire Fada, babu ɗan Katolikan da ke buɗe littafin nan kamar ni. Wanda yake ganin cika baki nake, ya zo Ƙofar Wambai layin dukawa ya tambayi Ilu mai zanzana. Zan ba shi littafin, da hannunsa ya tsayar a kan gadon bayansa ya saki. In ya buɗe a wani wuri ban da nan, ga basillata, ya ɗauka ya tafi da ita, na bar dukanci.