Kwarin Dama

Shekara goma sha tara Eulogio Paniagua yana tsaron tsakiya a ƙungiyar ma'aikatan rake ta besbol, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda. Cikin mutum ukun da ke tsayawa can ƙarshen fili, na tsakiya ne mai gida: in ya ce "Tawa ce!" sai na hagu da na dama su bar masa ƙwallon. To amma gwiwa ba ta san kara ba. Bana koci Fermín ya dafa kafaɗarsa.

"Dattijo Eulogio, dama za ka koma. Ka ɗan huta."

"Hutu? Ka ce dai ka binne ni da raina."

Kowa ya san daman filinsu. Ƙasar ta gangara wajen gonar rake, mutum ya nutse a kwari, ba ya ganin mai bugu, ba ya ganin kowa, sai ƙwallo in ta tashi sama. In an fitar da masu bugu uku na abokan karawa, zagayen tsaro ya ƙare, na tsakiya ne zai ƙwala masa kira ya hawo. Tsofaffi huɗu Eulogio ya yi wa wannan kiran a zamaninsa, ko sau ɗaya bai manta ba. Yanzu abu ɗaya ke cin ransa: har yau ana ɗaukarsa ɗan ƙungiya, ko kunyar korarsa ake ji?

Ranar wasan cin kofi, Wilkin da ya gaji tsakiyar ya kira shi sau takwas.

"Tsoho, taso! Ko rake kake sha a can?"

"Ubanka ne tsoho!"

Har zagin daɗi yake masa, don alama ce an san yana nan.

A zagaye na tara, na ƙarshe, ya ji ihu da ganguna. Ya ɗauka abokan karawa ne suka ci maki, ya duƙa, ya buɗe safar hannunsa, ya zuba wa sama ido. Ba ƙwallo, ba kira. Barin wuri ba a kira ka ba abin kunya ne, don haka ya jira, kaɗaici kamar ya kashe shi, har gwiwar ta ƙi.

Da ya ɗingiso ya hawo, sai ya hango 'yan ƙungiyarsu can nesa, sun jeru da kofi, Fermín a tsakiya.

"Kun cika?" in ji mai hoto.

"Mun cika!" suka amsa baki ɗaya.