Kwalbar da Na Miƙa wa Kubra

Ranar da na cika kwana arba'in rabona da maganin tarin da ya bautar da ni shekara uku, na yi sallar azahar a gidan Goggo Tasalla, ƙanwar mahaifina, na kishingiɗa a ƙarƙashin rumfa. Gaɓoɓina na ciwo, zuciyata na raya mini in lallaɓa in samo ko rabin kwalba ne. Ina cikin wannan kokawa barci ya sace ni.

Sai na gan ni a ƙofar wani birni mai baƙar ganuwa. Wata dattijuwa mai farin mayafi ta kama hannuna ta ce, "Saude, taho. A nan ake biyan kowa da irin aikinsa."

Muka fara isa wata kasuwa. Mutane na tsaye a bayan kanta, suna kamfatar wani ruwa mai tafasa da tafin hannu suna ɗurawa a kwalabe. Duk kwalbar da ta cika sai a matse musu baki a juye ta a ciki.

Na ce, "Inna, su wane ne waɗannan?"

Ta ce, "Masu shagunan magani ne. Mace ta zo sau uku a yini, idonta jajur, ba ta ko tari, sun san abin da take nema, amma suka miƙa mata."

Gaba kaɗan muka tarar da waɗansu cikin manyan riguna, kowanne ɗauke da kwali a ka. Kwalayen na yoyo, abin da ke zuba yana saɓule musu fatar fuska, kuma ba damar saukewa. Dattijuwar ta ce, "Waɗannan an ba su amanar hanya da ta unguwa. Kwalayen maganin suka wuce ta gabansu, suka kau da kai. Uwaye suka kai musu kuka, suka ce zancen cikin gida ne."

Na ga mata harsunansu na jan ƙasa, suna tafiya suna taka su. Na ga maza suna ƙwanƙwasa ƙofofin da ba a buɗe musu. Ta ce na farkon su ne suka mai da ciwon 'yar'uwarsu abin hira a gidan biki, na biyun kuwa su ne suka kori matansu da 'ya'yansu mata don gudun abin kunya, ba su ko gwada kai su asibiti ba.

Na ce, "To, ina irina, masu sha?"

Ta ce, "Wadda ta cuci kanta ta dawo tana kuka, Ubangijinta mai rahama ne. Amma zo ki ga wannan."

Wani dogon layi ne na mata, kowacce ta miƙa hannu, kwalba ta manne a tafinta tana ci da wuta. A tsakiyar layin akwai gurbi ba kowa, sai 'yar kujerar da nake zama in yi wa mata kitso.

"Waɗannan su ne suka fara ɗanɗana wa wata," in ji ta.

Nan take na tuna Kubra, maƙwabciyata. Ta zo kitso wata biyu bayan rasuwar jaririnta, ta ce mini barci ya ƙaurace mata. Ni na jawo kwalba daga ƙarƙashin katifa na ce, "Kurɓi wannan, za ki huta." Yanzu Kubra ba ta iya ko ɗora tukunya ba ta sha ba.

Na zube ƙasa na ce, "Inna, shi ke nan tawa ta ƙare?"

Ta ɗaga ni ta ce, "Da ta ƙare, zaunar da ke za a yi, ba nuna miki ba. Kubra tana da rai, ke ma haka."

Daga nan ta fitar da ni ta wata ƙofa zuwa inuwar itatuwa mai sanyi da ruwa mai gudu. Na ga mutane zaune cikin natsuwa, ga kuma wata shimfiɗa ana gyarawa. Ta ce, "Nan wurin masu riƙe wanda ya faɗi ne. Wannan ta Goggonki ce. Ita ta ɗauko ki ranar da kowa ya guje ki, ta wanke amanki, ta raka ki wurin likita, kika zage ta cikin magagi ta amsa miki da addu'a. Kin taɓa ce mata kin gode?"

Na buɗe baki zan amsa, sai kiran sallar la'asar ya tashe ni. Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Goggo na gefena tana tsince wake.

Na kama ƙafarta ina kuka. "Goggo, na gode. Allah ya saka miki da Aljanna. Ki yafe mini."

Ta ce, "Ke, lafiya? Me ya same ki?"

Na yi wa Allah godiya da ya tashe ni da sauran numfashi, sannan na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, cewa ni na koya wa Kubra, kuma yau zan je in nemi gafararta in roƙe ta ta bi ni asibiti.

Goggo ta dube ni. Sai ta ture faifan waken ta ce, "Tashi mu yi salla tukuna. Ba za ki je ke kaɗai ba."