Ranar da Alamar Ɗebewa Ta Ɓace

Tun da aka kafa sashen lissafi ba a taɓa samun wanda ya ciyar da aikin ɗab'i gaba kamar Dakta ba. Shi da kansa ya faɗa a taron malamai, kuma an rubuta.

Manhajar da suke tsara takardun jarrabawa da ita ya ƙara wa sababbin haruffan lissafi, sirara kamar gashin ido. Ya kuma koya mata shafa wa umarnin kwamfuta launi, manyan kalmomi rawaya, sauran shuɗi. A allon kwamfutarsa abin sai wanda ya gani.

Mai buga takardun sashen, dattijuwar da kowa ke kira Anti, shekararta ashirin da biyu da injin kwafi ɗaya, ta fi sanin halin injin a kan na mijinta. Ta gaya wa Dakta cewa injin nan baƙi da fari kawai ya sani, siririn layi kuwa ko kallonsa ba ya yi. Dakta ya zaunar da ita ya yi mata bayani, cikin haƙuri, a kan bambancin ilimi da sabo. Ta kwafi takardun jarrabawar, ta sa hannu a bayan ambulan kamar yadda dokar sashen ta ce.

Ranar jarrabawa ɗalibai ɗari biyu suka buɗe takarda. Rawayan kalmomi babu ko ɗaya. Alamar ɗebewa ma ta bi su, lambobi suka tsaya gefe da gefe kamar baƙi a tasha. Dakta na tsaye a gaban zaure, hannuwan ɗalibai na ta tashi. Aka soke jarrabawar.

A ofis shugaban sashe ya tambaya wa za a rubuta wa takardar gargaɗi. Dakta ya shirya jimlarsa ta amsa laifi tun a matakala, gajeriya, mai mutunci. Ya buɗe baki, tari ya fito.

"Sa hannuna ne, ranka ya daɗe," in ji Anti.

Bayan azahar ya leƙa ɗakinta. Ya tarar tana buga takardar gargaɗin da kanta, don babu wani mai bugawa a sashen. Ita ce ta farko da za ta shiga fayil ɗinta. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin mota, yana jiran bakinsa ya yi wani abin kirki.

"Dakta, ɗan matsa," ta ce ba ta ɗago ba. "Ka tare min haske."

Ya matsa.