Tulunan Inna Kande

Mutari ya warware jiƙaƙƙen tsumman gwajin iri a kan tebur ya ƙirga ƙwayoyin geron da suka tsiro. Cikin ɗari, tara. Ya sake ƙirgawa, bai sami ta goma ba.

"Wannan irin ya mutu tun a hanya, Madam," ya ce da Faransanci.

Madam, Anasarar da ke riƙe da furojen noma, wato shirin taimakon manoma, a Zinder, ta leƙa mangaza, ɗakin ajiya, inda aka jibge buhunan da aka kawo daga waje. Watan Mayu ne na 1985. Bara an yi fari, ba a girbe komai ba, mutane sun cinye har irin shuka. Kwana biyu ke nan hadari na haɗuwa a gabas. A takardar furojen akwai gidaje sittin da aka yi wa alkawarin iri kafin ruwan farko, cikinsu har da gidan Mala, mahaifin Mutari, a wajen Hamdara.

Lawali direba ne ya ce ya ji labarin wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Gaffati da ta ɓoye gero tun kafin farin.

Washegari da hantsi su uku suka isa ƙauyen. Tsohuwar, Inna Kande, ta shigar da su ɗaki, ta janye tabarma. Tulu huɗu ne a binne, an liƙe bakinsu da laka. Ta fasa ɗaya, ta share tokar da ke sama, ta ɗebo. Gero ne mai saurin nuna, na kwana saba'in. Mutari ya ciji ƙwaya ɗaya, ya ji ta ƙwas.

Madam ta fito da takardar saye. Masu ba da kuɗin furojen sun buga ta da Faransanci da Ingilishi, kuma Mutari ne tafinta: Faransanci ya koya a lakwal, makarantar boko, Ingilishi a shekara biyun da ya yi aiki a Kano.

"Inna, Madam ta ce nawa za ki sayar da tiya?"

"Ce mata ba na sayarwa."

Madam ta ninka kuɗin kasuwa sau biyu, sannan sau uku.

"Kai ɗan nan, kunnenka ne ya toshe, ko Nasarancin naka ne bai kai ba?" in ji Kande. "A gidan nan iri ba ya shiga ma'auni, ba ya shiga buhu. Haka mijina ya gada, haka ya bar mini. Mai so ya zo da kansa, ya faɗi sunan gonarsa, in zuba masa da hannuna."

Mutari ya juya ga Madam, yana neman kalmar da za ta bayyana matsayin irin a wurin Kande. Ya fara da kalmar Faransanci ta farashi, ya ce ba ita ba ce. Ya gwada ta daraja, Madam ta nuna masa gurbinta a takardar, ita ma lamba ake rubutawa. Ya koma Ingilishi, ya ɗauko wadda ake faɗa wa mutum mai mutunci. Madam ta rubuta, ta duba, ta soke.

"Ko ba ta san abin da zai kawo mata ba ne?" in ji Madam.

"Ta sani sarai. Ta ce wani ɗan kasuwa ya zo daga birni makon jiya, ko ruwa bai gama sha ba ta sallame shi."

"In babu takardar saye, kamiyon furojen ba zai ɗauki kaya ba. Doka ce, ba ni na yi ta ba."

Mutari ya karanta takardar daga sama har ƙasa, harsunan biyu.

"Kaya ta ce, Madam. Ba ta ce komai a kan mutane ba."

Madam ta mayar da biro aljihu ta kira Lawali.

Sawu uku kamiyon, babbar motar kayan, ya yi yana kwaso masu gidaje sittin ɗin. Kafin la'asar ƙofar gidan Kande ta cika da magidanta, wasu da ƙwarya, wasu da hula a hannu. Ta zauna a kan turmi da tulu a gabanta.

"Wace gona?"

"Ta bayan rijiya, Inna."

"Ta Gambo mai barci? Kai ɗansa ne? To kar ka gaji ubanka, ka shuka da wuri."

Aka yi dariya, ta farko da Mutari ya ji a ƙauye cikin wata da watanni. Da layi ya zo kan Mala, tsohon ya durƙusa duk da ya girme ta, ya faɗi sunan gonarsa. Ta zuba masa tafi shida. Ya ɗaure bakin ƙyallen da kyau, ya cusa cikin riga. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Kande."

Na ƙarshe a layi wani ne mai suna Nomau. Kande ta kife tulu na huɗu a kan faifai, ta tattara abin da ya rage, ta juye masa duka. Ta karkaɗe hannu.

Nomau bai tashi ba. "Inna, naki fa?"

"Au," ta ce. Ta leƙa tulun. "Ka ga tsufa."

Nomau ya ɗauki ƙoƙon shan ruwanta da ke gefe, ya zubar da sauran ruwan, ya goge shi da bakin riga. Ya ɗebi tafi ɗaya daga nasa ya zuba, ya miƙa wa na kusa da shi. Waɗanda suka riga suka hau kamiyo suka fara saukowa suna kwance ƙulli.

Lawali, da ya riga ya tayar da inji, ya kashe shi.