Gangaren da Ba a Fesa Ba

"Ba zan fesa ba, Baba Fezile."

Zukiswa ta sauke tankin feshi daga bayanta, ta dire shi a gaban shugaban ayarin nasu. Sauran ma'aikata suka yi cirko-cirko, kowa da nasa tankin a goye.

Bara gobara ta lashe dutsen nan tun daga gindi har ƙololuwa. Da ruwa ya sauka, watal ne ya fara tsirowa, baƙon itacen nan mai kama da bagaruwa wanda wuta ke tayar da irinsa daga barci. Ya rufe gangaren ruf. Amma a ƙarƙashinsa akwai furotiya da sauran tsirran ƙasar, waɗanda Zukiswa ta jiƙa irinsu a ruwan hayaƙi don su tsiro, ta shuka da hannunta. Ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba tukuna. Maganin feshi kuwa bai san ɗan gida da baƙo ba.

"Malama mai digiri," in ji Baba Fezile, "masu gandun nan suna tafe ƙarshen wata, kuma busasshen watal suke son gani. Me zan nuna musu? 'Ya'yan nan naki da sai an durƙusa ake ganinsu?"

"Su durƙusa mana, Baba. Ai suna da gwiwa."

Wani ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya mai da ita tari. Inna Nokwanda, wadda ta girmi kowa a ayarin, ta matso ta ja hannun rigarta.

"'Yar nan, ɗauki tankinki. Mutum ɗaya za a tura gidan renon tsirrai a birni, kuma Baba Fezile ne zai zaɓa. Kowa ya san gurbin naki ne. Ki fesa yau, gobe ki yi kukanki a inuwa."

Zukiswa ta san haka. Tun da ta gama karatu ba ta samu aikin da ya wuce wannan ba, kuma gidan renon ne kaɗai ƙofar sauka daga dutsen. Ta dubi tankin. Ba ta sunkuya ba.

Baba Fezile bai ɗaga murya ba. "Shi ke nan, uwar ciyawa. Na ba ki gangaren. Ki tuge da hannu. Ran da kika gama, ki zo mu yi zancen birni."

Ya san abin da ya faɗa, ita ma ta sani. Irin watal yakan yi shekaru kwance a ƙasa yana jiran lokacinsa.

Ayari ya yi gaba zuwa wani kwari, aka bar ta ita kaɗai. Kullum motar aiki ta ajiye ta da safe da burodi da gorar shayi, ta ɗauke ta da yamma. A durƙushe take wuni, toka a baki, iska tana yankar kunne. In ta share gefe guda, ruwa ya zuba, sai ta tarar sabon watal ya fito a inda ta fara. Tafin hannunta ya tsage, ya warke, ya sake tsagewa.

Furotiya dai sun rayu. Yanzu sun kai mata ƙwauri, ba sai an durƙusa ba.

Gurbin birni an ba Siphelo, wani ɗan ayarin wanda ya fesa nasa gangaren cikin wuni guda. Ba a sake buɗe wani ba. Damina ta biyu ta zo ta iske Zukiswa a gangaren nan, a kan gwiwoyinta, digirinta na cikin akwati, kuma watal bai daina fitowa ba.