Tsayuwar Mista Lam

"To ni na kashe shi? Faɗa mini, Muhibbat, ni na kashe shi?"

Muhibbat ta ɗauko wayar uwarta. Ta ajiye ta a kan teburin kicin ta danna, sai ga muryar uwar, Hajiya Karimatu, ta fito daga ciki, muryar safiyar Laraba, har da ƙyaƙyata dariya: "Hansai, leƙo ta tagarki ki sha kallo. Tsohon nan ya sake ƙamewa a tsakar gida. Yau har ƙarfen shinge ya riƙe, tsufa ya zo!"

Tsohon shi ne Mista Lam, mutumin China, maƙwabcinsu na ƙasa a benen hayar gwamnatin nan na Tottenham. Kung fu yake koyarwa a zauren unguwa. Shekara uku Muhibbat ta yi a hannunsa bai koya mata naushi ko ɗaya ba, sai tsayuwa: a ware ƙafa, a lanƙwasa gwiwa, a buɗe hannu kamar mai rungume da tulu. Ranar da Karimatu ta tare shi a matakala ta tambaye shi yaushe yarinya za ta sauke, murmushi ya yi ya ce shi kansa tun yana yaro yake wannan tsayuwar, har yau bai gama ba.

Ai kuwa abin nema ya samu. Kafin a tashi daga walimar sunan jikar maƙwabciyarsu Hansai, babu matar da ba ta ji daga bakin Karimatu cewa tsohon bai iya komai ba, lokacin yara kawai yake ci. Hansai ta cire nata, Shetu 'yar Gana ta cire nata. Muhibbat kuwa aka yi mata booking a wani gym da ake ba da baƙin bel na gwanaye kafin shekara biyu, tana kuka aka kai ta. Zaure ya watse. Shi dai tsohon bai fasa ce wa Karimatu "Sannu Hajiya" da karyayyen harshensa ba, in lift ya lalace ma shi ke hau mata da cefane.

Ranar Larabar, da ta tura saƙon, sai ta koma kan ƙosanta. Mai kawo wasiƙu ne ya tarar da tsohon kwance a ƙasa. Zuciya ce, in ji masu ambulan, kuma kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Karimatu ta shiga kare kanta. Ta ce mutumin da kullum a ƙame yake kamar gunki, ina za ta bambance ciwo da sana'a? Ta ce kwana ne ya ƙare, ko likita ne a tagar nan ba zai ƙara masa minti ba. Ta ce Hansai ma ai ta leƙa, don me ba a tuhume ta ba?

"Mum, ba ya riƙe komai," in ji Muhibbat a hankali. "Abu na farko da ya koya mana ke nan. Ba a jingina, ba a dafa bango."

"To ni ɗalibarsa ce da zan sani?"

"Kin fi kowa kallonsa. Kin sani. Shi ya sa ya ba ki dariya."

Karimatu ta kai dubanta ga tagar. Shekara da shekaru tana leƙen tsohon nan ta bayan labule, cikin ruwa, cikin ƙanƙara, ba ta taɓa ganin hannunsa a kan ƙarfe ba sai ranar.

Muhibbat ta ɗauki rigar sanyinta, ta ce za ta sauka ta taya ɗan marigayin kwashe kaya, kada a jira ta da abinci. Ta buga ƙofa har cokulan da ke rataye suka yi ƙara.

Karimatu ta daɗe tsaye kafin ta ɗaga labulen. Can ƙasa, a cikin ciyawa daf da shinge, ga wurare biyu da suka ƙoƙe kusa da juna, daidai faɗin tafin ƙafar tsohon. Yayyafi yana ta taruwa a cikinsu.