Furen da Iya Tsuya Ta Wurgar

Yayana Noboru ne ya kashe furen Inna, kuma har gobe ba zai amsa laifinsa ba.

Airis ne mai gemu, irin wanda ke da ɗan gashi a leɓen furen. Launinsa ne abin magana: shuɗi mai duhu, kamar zanen da aka yi ta tsomawa a baba har ya kusa komawa baƙi. Ba wanda ya san sunansa na gaskiya. A ƙauyenmu na tsaunukan Nagano furen Kikue kawai ake ce masa, da sunan Inna. Da muka sayar da tsohon gida sai Yaya ya ce shi zai riƙe shi, tunda shi ne gwanin airis ɗin ruwa, irin namu na gargajiya, har kofi yake ciyowa a gasa. Ya binne saiwar a bakin fadamarsa, yana ta ɗura mata ruwa safe da yamma. Shi kuwa mai gemu ba ya shiri da ruwa, so yake a bar bayan saiwarsa a fili rana na dukansa. Kafin damina ta fita ya ruɓe, sai wari.

"Irin ne ba shi da ƙwari," in ji Yaya.

"Haba Yaya, kai ne dai ka shaƙe shi da gwanintarka!"

Bana a watan Mayu za a yi wa Inna addu'ar ƙarshe a haikali. Daga ita ba a sake tara dangi da sunanta, ta shiga sahun kakanni ke nan. Na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai furenta ya tsaya a gaban hotonta ranar. Yaya ya ce, "Sumie, ki sayi kowane shuɗi mana, wa zai gane?" Ni zan gane, ita ma za ta gane.

Na sha yawo. Duk gonar masu sayar da furanni da na ji labari na hau jirgin ƙasa na je. Kowa sai ya jawo mini mai ruwan shunayya yana washe baki, wai shi ne mafi duhu. Ni makauniya ce? Na dawo gida ƙafafuna sun kumbura, raina a ɓace.

Ina wanke kwanon da maƙwabciyata ta aiko mini da tsimin ganye sai abin ya faɗo mini. A wurinmu ba a mayar da kwano haka nan, sai an saka wani abu a ciki. Inna kuwa duk wanda ya aiko mata abinci a lokacin raba saiwa, guntun saiwar take saka masa. Ashe rabin ƙauyen nan sun taɓa karɓar furen!

Na bi gida gida. Tabɗi! Kowa abin da Yaya ya yi shi ya yi. "Ai bakin magudana na kai shi, wuri mafi kyau a gidan," in ji wannan. "Ban taɓa barin sa da ƙishi ba," in ji wancan. Girmamawa ce ta kashe shi a ko'ina.

Gida ɗaya ya rage, na Iya Tsuya, wadda suka yi shekara da shekaru ba sa ga maciji da Inna a kan wata bishiya da ke kan iyakar gonakinsu. Amma na tuna da Baba ya rasu ta kawo wainar shinkafa, don rasuwa ba a yi mata gaba, kuma kwanonta ya koma da guntun saiwar a ciki.

Na same ta a baranda, ta haura casa'in, bakin nan yana nan daram.

"Ke 'yar Kikue ce ko? Na gane hancin. Me ya kawo ki?"

Na durƙusa na faɗa mata.

"Ni zan shuka abin Kikue? Ku ji mini yarinya! Ta taga na wurga shi bayan rumbu."

Na ce, "To Iya, ko wurin ne bari in gani."

"Je ki gani, ai ya ishe ni."

Bayan rumbun juji ne a kan gangare, tsakuwa da fasassun kwanukan rufi da toka, rana ƙwal, ko ɗigon ruwa ba ya zama. Ina shan kwana na saki ihu. Gangaren nan gaba ɗaya ya rufe! Saiwa kan saiwa sun hau duwatsu sun baje bayansu a rana, furanni sun kai mini ƙugu, shuɗin nan mai duhu, shi ɗin dai, na Inna. Na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye, ni da na kusa saba'in.

Iya Tsuya ta dogaro sanda ta iso. "Kowace shekara sai ya buɗe ya zuba mini ido. Na sa an sare, ya dawo. Taurin kai irin na uwarki." Ta tsaya tana kallon sa, sannan ta shiga ciki ta fito da kwano. "Ungo, zuba saiwar a nan. Kuma kada ki kuskura ki dawo mini da shi haka nan."

Ranar addu'a na shiga haikali rungume da dami guda, ko gabana ba na gani sosai. Iya Tsuya na biye da ni, wai ta zo ne ta tabbatar an sallami Kikue da gaske. Na jera furannin a gaban hoton Inna. Tsofaffin ƙauye suka fara nuni, "Kai, furen Kikue ne!"

Yaya ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Da aka tashi ya matso kusa da ni, murya ƙasa ƙasa.

"Sumie, ko za ki ba ni saiwa ɗaya?"

"Zan ba ka, Yaya," na ce. "Amma a jujinka za ka wurga ta, kuma in na gan ka da butar ruwa a wajen, sai na haɗa ka da Iya Tsuya."